FILIN LISSAFI: Daga Agadas Zuwa Dirku, Awa Biyu Ko Kwana Goma Sha Biyar?



Kowace shekara, da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, samari da yawa na ƙasar Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan ɗaure kaya su tafi cin rani. Waɗansu su yi kudu, waɗansu su yi arewa. Masu yin arewa sukan sauka Agadas, daga nan su nufi Dirku, wasu don neman aiki, wasu don su wuce Libiya. Tun shekarar 2014 da aka gano zinariya a yankin Jado, masu bin wannan hanya suka ƙaru ƙwarai.

A tasha, in matafiyi ya tambaya ko Dirku da nisa, sai a ce masa: "Ba nisa, jirgi ma awa biyu yake yi." Maganar gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Nisan wuri tambaya biyu ne. Ta farko, kilomita nawa ne. Ta biyu, awa nawa ko kwana nawa abin hawan mutum zai ci kafin ya gama waɗannan kilomitoci. Wanda ya san amsar farko bai san ta biyu ba, bai shirya tafiya ba tukuna. Abin da za a lissafa ke nan a wannan wata.

FILAYEN JIRGI BIYU

Jahar Agadas ita kaɗai ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar, amma yawancinta hamada ce. Garin Agadas yana gindin duwatsun Abzin ta kudu. Yana da babban filin jirgin sama mai sunan Mano Dayak, wanda manyan jirage ke iya sauka a cikinsa.

Dirku kuwa tana can gabas maso arewa, cikin ƙasar Kawar, wajen kilomita 40 arewa da Bilma. Kawar wani dogon dutse ne da ya miƙe daga kudu zuwa arewa. A gindinsa ruwa yana kusa, shi ya sa akwai dabino da gishiri da garuruwan Barebari da Tubawa. Filin jirgin Dirku ƙarami ne, bai kai na Agadas tsawo ba. Jiragen soja da na ƙungiyoyin agaji ne suka fi sauka a wurin.

Tsakanin filayen nan biyu akwai hamadar Tenere. Babu gona, babu kasuwa, babu inuwa. Ruwan saman da Bilma ke samu a shekara guda bai kai milimita 20 ba, alhali Maraɗi takan samu wajen milimita 500. Da bazara zafin rana yakan wuce digiri 45.

YADDA AKE AUNA NISA A TASWIRA

Duk makarantar da ke da taswirar Nijar tana iya yin wannan awo. A nemi zare da ma'auni. A fara duba gindin taswirar, a nan ake rubuta sikelinta. In an rubuta 1/2.000.000, ma'anarsa santimita 1 a takarda daidai yake da kilomita 20 a ƙasa.

A ɗora bakin zare a kan Agadas, a ja shi ya miƙe sosai har Dirku, a kama wurin da yatsa. In an auna zaren, za a samu wajen santimita 28. To, 28 sau 20 ya ba da 560. Ke nan tsakanin filin jirgin Agadas da na Dirku akwai wajen kilomita 560 a miƙe. Wannan shi ne nisan jirgi, don jirgi ba ya kewaye dutse, ba ya neman rijiya.

Matuƙa jirgi suna da nasu ma'auni da ake kira mil. Mil ɗinsu guda kilomita 1 ne da mita 852. A bakinsu, Agadas zuwa Dirku wajen mil 300 ne. In mutum ya ji an ce 300 kada ya zaci hanya ce ta ragu, mudun awo ne ya sake.

Mota ba ta bin zare. Tana bin inda ƙasa ke da tauri, tana ratsa rijiyoyi irin su ta Icen Tenere da ta Ashegur, tana kauce wa tuddan rairayi. Don haka hanyar mota ta kai wajen kilomita 650.

Ga abin da zai taimaki mutumin kudu ya gane wannan nisa. Daga Yamai zuwa Maraɗi a miƙe wajen kilomita 540 ne, a hanyar mota kuma wajen 660. Ke nan kusan tsawo ɗaya ne da Agadas zuwa Dirku. Amma mai zuwa Maraɗi yana kan kwalta, yana ratsa Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. In ƙishirwa ta kama shi ya sayi ruwa, in mota ta lalace ga makaniki a gari na gaba. Ya tashi da asuba, ya yi sallar isha'i a gida. Mai zuwa Dirku ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

DOKAR LISSAFIN LOKACI

Dokar guda ce, ba ta da wuya. A raba nisa da gudu, abin da ya fito shi ne lokaci. Wanda ya iya raba damman hatsi tsakanin masu gayya ya iya wannan.

A fara da ƙaramin jirgi mai farfela guda, irin mai ɗaukar mutum goma ko kusa da haka. Yana cin wajen kilomita 300 a awa. Awa guda minti 60 ce. In an raba 300 da 60 za a samu 5, wato jirgin yana cin kilomita 5 kowane minti. Sai a raba 560 da 5, a samu minti 112. A fid da 60 na awa guda, saura 52. Ke nan awa 1 da minti 52.

Jirgi matsakaici mai farfela biyu yana cin wajen kilomita 480 a awa, wato kilomita 8 a minti. A raba 560 da 8, a samu minti 70. Ke nan awa 1 da minti 10.

Babban jirgi irin mai kai alhazai yana cin wajen kilomita 840 a awa, wato kilomita 14 a minti. A raba 560 da 14, a samu minti 40 kacal. Amma wannan lissafin allo ne kawai, don irin wannan jirgi yana son dogon fili kafin ya sauka ko ya tashi.

A kan kowane lissafi sai a ƙara kamar minti 15 zuwa 20. Dalili, jirgi ba ya fara cikakken gudu tun daga ƙasa. Sai ya hau sama sannu a hankali, in ya kusa isa kuma ya rage gudu ya daidaita da fili. Shi ya sa ake cewa ƙaramin jirgi yana yin wajen awa biyu. Maganar ƴan tasha ta fito daidai.

ABUBUWAN DA KE SAKE LISSAFIN JIRGI

Na farko iska. Da hunturu iska tana busowa daga gabas maso arewa, wato daga wajen da Dirku take. Ƙaramin jirgi da ba ya hawa sama ƙwarai yakan yi gaba da gaba da ita a zuwa, a komowa kuma ta tura shi ta baya. A ɗauki misali, iska tana gudun kilomita 60 a awa. A zuwa, 300 a fid da 60 saura 240, wato kilomita 4 a minti. A raba 560 da 4, a samu minti 140, wato awa 2 da minti 20. A komowa, 300 a ƙara 60 ya zama 360, wato kilomita 6 a minti. A raba 560 da 6, a samu wajen minti 93, wato awa 1 da minti 33. Hanya guda, jirgi guda, amma zuwa ya fi komowa da fiye da minti 45.

Akwai wani abin lura a nan. Zuwa da komowa in babu iska minti 224 ne. Da iska kuwa, 140 a haɗa da 93 ya zama 233. Ashe abin da iska ta ci a zuwa ba ta biya shi duka a komowa.

Na biyu hazo. In ƙura ta rufe sama, matuƙi ba ya ganin fili, dole ya jira. Tafiyar awa biyu tana iya zama jiran kwana biyu a Agadas.

Na uku zafi. In rana ta take, iska takan yi sako-sako, fukafukan jirgi ba su samun abin da za su dogara a kai sosai. Sai jirgin ya nemi fili mai tsawo, ko kuwa a rage masa kaya. Shi ya sa matuƙa suka fi son tashi da sassafe a ƙasar hamada.

Kada kuma a zaci hanyar sama ba ta da nata haɗari. Mano Dayak, wanda filin Agadas ke ɗauke da sunansa, ya rasu ne cikin haɗarin ƙaramin jirgi a ƙasar Abzin, a watan Disamba na 1995.

Saboda duk waɗannan, doka ta hana matuƙi ya tashi da man da zai kai shi kawai. Dole ya ɗauki wanda zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wani fili dabam in saukar ta gagara, sannan da ƙarin na minti 30 zuwa 45. Matuƙi ba ya cewa in Allah ya so man zai isa, sai ya lissafa tukuna sannan ya dogara ga Allah.

MOTA, RAƘUMI DA ƘAFA

Yanzu a sauko ƙasa da dokar nan guda.

Ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, irin Toyota Hilux, in an haɗa inda take gudu da inda take kafewa cikin rairayi, a ba ta kilomita 40 a awa. A raba 650 da 40, a samu awa 16 da ɗoriya. Da tsayawar shan ruwa, da salla, da binciken jami'ai, da hutun dare, yini biyu ke nan.

Kamyo mai kaya da mutane a bisa, a ba shi kilomita 25 a awa. A raba 650 da 25, a samu awa 26. In yana tafiyar awa 9 ko 10 a yini, kwana uku ke nan, in ba abin da ya lalace.

Raƙumi cikin ayari yana cin wajen kilomita 4 a awa. In an yi tafiyar awa 10, ya ci kilomita 40 a yini. Ayarin gishiri yana bi ta Icen Tenere da Fashi ya isa Bilma, wajen kilomita 600. A raba 600 da 40, a samu kwana 15.

Icen Tenere ya isa misali. Wani icce ne mai ƙaya da ya daɗe tsaye shi kaɗai a bakin rijiya, matafiya suna gane hanya da shi. A shekarar 1973 wata mota ta buge shi ya faɗi, aka kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Daga Agadas zuwa wurin wajen kilomita 240 ne a miƙe, kuma zaren taswira yana wucewa dab da shi. Ƙaramin jirgi yana isa kansa cikin minti 48. Raƙumi kuwa sai ya yi kwana 6.

Wani zai ce, to, tun da ga jirgi me ya sa har yanzu ake wahalar da raƙuma? Amsar tana cikin lissafin kuɗi. Abzinawa suna kai gero da kayan kudu Kawar bayan damina, su komo da dabino da kantun gishiri, wanda makiyaya ke saya a kasuwannin ƙasar Hausa don dabbobinsu. Kantu yana da nauyi, kuɗinsa kaɗan ne. Da za a ɗora shi a jirgi, kuɗin mai sai ya fi kuɗin gishirin. A shekarar 1906 an ƙidaya ayari guda mai raƙuma wajen 20.000. Yau kamyo ya ƙwace yawancin kayan, ayarin ya ragu ƙwarai.

Inda jirgi ya fi kowa amfani shi ne wurin ceton rai. In ciwo ya fi ƙarfin likitocin Kawar, babban asibitin jaha yana Agadas. Mace mai doguwar naƙuda ko wanda ya yi mummunan rauni yana iya jure awa biyu a sama. Yini biyu cikin girgizar mota da zafin rana kuwa ba kowa ke kai wa ba.

Madugun ayari bai shiga makaranta ba, amma lissafinsa irin na matuƙin jirgi ne. Tun kafin a tashi yakan sa a yanki ciyawa a ɗaure dami-dami. A kan hanya ana ajiye wasu damman a wuraren da aka sani, don raƙuma su samu abin ci a komowa. Salkunan ruwa kuma da kwana ake ƙidaya su, ba da kilomita ba.

LISSAFIN RUWA

Wannan shi ne lissafin da ya fi kowane muhimmanci ga mai tafiya cin rani. Ƙishirwa ba ta san kilomita ba, kwana take ƙidayawa. Cikin zafin hamada kada a yi wa mutum guda lissafin ƙasa da lita 5 a yini. In ruwa ya ƙare ƙaf, babban mutum ba ya wuce kwana biyu ko uku, yaro kuwa bai kai haka ba.

A ɗauki mota mai mutum 25, tafiyar yini 2. A yi 25 sau 5 sau 2, a samu lita 250. Bido goma ke nan mai lita 25. Wannan na tafiyar da ba ta gamu da matsala ba ne. In mota ta lalace aka ƙara kwana 3 ana jira, sai a ƙara 25 sau 5 sau 3, wato lita 375. Duka ya zama lita 625, bido 25. Ke nan kowane fasinja bido guda cike, nasa shi kaɗai. Wanda ya ga mota cike da mutane da bido biyar ko shida a rataye, ya san lissafin bai fita ba.

In an ce a bar mota a taka da ƙafa fa? Mai tafiya cikin rairayi da ƙyar yake cin kilomita 3 a awa. In rijiya tana nisan kilomita 100, a raba 100 da 3, a samu awa 33 da ɗoriya. Da rana ba ta takuwa, sai da dare. Dare uku ko huɗu ke nan. Jirgin da ke wucewa a sama yana cin wannan nisa cikin minti 20.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A farkon watan Yuni na 2017 aka ba da labarin mutum 44 da ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Akwai mata da jarirai a cikinsu, yawancinsu mutanen Gana da Najeriya. Mutum shida ne suka tsira suka kawo labari. A wata hanyar arewa kuma, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, an tsinci gawar mutum 92 a watan Oktoba na 2013. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance cikin jahar Damagaram. Har yau akwai gidajen da ba su manta ba.

ABIN DA MATAFIYI YA KAMATA YA TAMBAYA

Matambayi ba ya ɓata. Kafin mutum ya biya kuɗin mota a Agadas, ya samu amsar waɗannan:

1. Kwana nawa motar za ta yi, ba kilomita nawa kawai ba.

2. Mutum nawa za ta ɗauka, bido nawa na ruwa ke ciki. Ya yi lissafin da kansa.

3. Ita kaɗai za ta tafi ko cikin jerin motoci. Mota guda in ta mutu babu mai ceto. Jerin motoci mai rakiyar soja, mai bin babbar hanyar da ke ratsa rijiyoyi, shi ya fi aminci.

4. Direba yana da tayar sauyi, da shebur, da isasshen mai na fiye da tafiyar, da wayar da ke kira daga cikin hamada.

5. Wa aka shaida wa ranar tashi da ranar da ake sa ran isa, don in an ji shiru a nema da wuri.

Iyaye da matan aure da ake bari a gida su ma su riƙe waɗannan tambayoyi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da bakin kasuwa da wurin taron samari. Rigakafi ya fi magani.

AIKIN WATA

Malaman makarantun manya su rubuta waɗannan a allo, ɗalibai su yi.

Na ɗaya: daga Yamai zuwa Agadas a miƙe wajen kilomita 740 ne. Jirgi mai cin kilomita 8 a minti, minti nawa zai yi? Awa nawa ke nan da minti nawa?

Na biyu: a taswira mai sikeli 1/2.000.000 an auna santimita 20 tsakanin Agadas da Fashi. Kilomita nawa ke nan? Raƙumi mai cin kilomita 40 a yini, kwana nawa zai yi?

Na uku: kamyo ya ɗauki mutum 60, tafiyar kwana 3, kowa lita 5 a yini. Lita nawa ake bukata? In ya lalace aka ƙara kwana 2, bido nawa mai lita 25 ya kamata a ce an ɗauka tun daga Agadas?

Makarantar da ta gama ta aiko da amsoshinta ta hannun malaminta, tare da sunan gari. Za a buga amsoshin da sunayen garuruwan da suka ci a jaridar wata mai zuwa. Allah ya kiyaye matafiya, ya komo da su gida lafiya.